Faɗin layi da aikin marubuci: sharhi kan ƙa'idar haruffa 66

A littafinsa The Elements of Typographic Style (1992), Robert Bringhurst ya ba da shawarar kada layin bugu ya gaza haruffa 45 ko ya wuce 75, ya kuma fifita 66. Ana yawan ɗauko wannan adadi a ce wa ɗalibi ya daidaita allon kwamfutarsa a kai, wai rubutu zai yi sauri, ya yi kyau. A ganinmu an ɗora wa ƙa'idar kayan da ba nata ba.

Da farko, Bringhurst yana magana ne kan mai karanta shafin da aka gama bugawa. Mai rubutu kuwa yakan tsaya, ya koma baya, ya share. Ko a fagen karatun ma maganar ba ta zauna ba: Dyson da Kipping (1998) sun gano cewa a kan allo an fi saurin karanta layi mai haruffa 100 bisa ga mai 25, alhali masu karatun sun fi jin daɗin matsakaici. Haka nan haruffa 80 da aka saba gani gado ne daga katin IBM na 1928, babu ruwansu da tunanin marubuci.

Na biyu, aikin Christina Haas ya fi kusa da batun. A 1989 ta nuna cewa masu rubutu da na'ura ba su tsara tunaninsu tun farko kamar masu alƙalami. Ta kuma lura cewa sukan kasa riƙe fasalin matanin gaba ɗaya. Ke nan abin aunawa shi ne yawan matanin da ido ke gani a lokaci guda. Faɗin layi ɓangare ne kawai.

Na uku, ba a yi ƙididdigar da Hausa ba. A shafi mai rukuni biyu, Hausa da Faransanci, ƙunƙuntaccen layi yakan sa na'ura ta yanka kalma bisa dokar Faransanci: a-kwai ta koma ak-wai, tsa-tsa ta koma tsat-sa. Lokacin da ɗalibi zai ba hujjarsa sai ya tafi wajen gyaran gaɓa.

Saboda haka muna ba da shawarar a rubuta daftari a rukuni ɗaya, a kashe yankan kalma, a bar ƙa'idar 66 sai ranar bugu.