Kamfe Ya Koma Aikin Jinga

Ɗan yayata ya yi aikin ejan a wata rumfa a mazaɓar Dalijan ta Gwandu ranar 18 ga Maris 2023, ranar zaɓen gwamna. Tun da wuri aka karɓi sunansa da hotonsa, amma ba wanda ya zaunar da shi sai daren jajibiri, da aka miƙa masa katin wuya aka ce ya yi sammako. Ya wuni a gindin dalbejiya, wayarsa ta mutu kafin la'asar. Da aka gama ƙirga ƙuri'u ya zo ya same ni ya ce, "Kawu, ashe ni ma ina da hakkin karɓar kwafin takardar sakamako?" Yaron da aka damƙa wa amanar akwati guda ke nan, ba a taɓa nuna masa kalar takardar ba.

Wannan abu ya tsaya mini a rai, domin na ga yadda aka tsara sauran tafiyar. A Birnin Kebbi kowane babban ɗan takara yana da majalisar kamfe mai darakta-janar, da daraktan yaɗa labarai, na matasa, na mata, na zirga-zirga, sunaye shafi-shafi. A ƙarƙashinsu akwai samarin Facebook da WhatsApp da ake saya wa data, masu magana a rediyo irin waɗanda Kanawa ke kira sojojin baka, mawaƙa da 'yan amshinsu, 'yan kabu-kabu da ake zuba wa mai su cika ayari. Kowa da farashinsa, kuma yawanci a ranar ake sallamarsa.

Ba na ƙin a biya mutum ladan wahalarsa. Wanda ya bar gonar albasarsa ya bi ayari daga Gwandu zuwa Kalgo ya cancanci abin cefane. Damuwata ita ce kamfe ya tashi daga hannun 'yan jam'iyya ya koma hannun 'yan jinga, kuma ɗan jinga in an biya shi magana ta ƙare. Dattawanmu da suka ga zamanin NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, da PRP ta Malam Aminu Kano a Jamhuriya ta Biyu, suna ba da labarin talakawan da ke yankar katin jam'iyya da kuɗinsu, su hau keke ƙauye-ƙauye suna kiran mutane. Ba wai lokacin babu kuɗi ko duka a siyasa ba, akwai su. Amma wanda ya sa sisinsa a tafiya yana da bakin tsayar da wakilinsa a bakin kasuwa ya tambaye shi ina rijiya. Yau matar da ta zaga gida-gida tana raba atamfa da sabulu da taliya, in ta je ƙofar zaɓaɓɓe bayan rantsuwa, amsar da ke jiranta ita ce ai an riga an sallame ta.

Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce kada ɗan takarar gwamna ya kashe fiye da naira biliyan 1, na majalisar jiha kuma miliyan 30. Ko da za a tsaya a kan wannan iyaka, ni abin da nake tambaya shi ne ina kuɗin ke sauka. Kaso mai tsoka na tafiya ga fasta, hayar motoci, dandamali da lasifika. Abin da aka ware wa rumfa kuwa sai ya ratsa hannun shugabannin ƙaramar hukuma da na mazaɓa, ya iso ya rame.

Alhali a rumfa ake ci, a rumfa ake faɗuwa. Mu a Kebbi mun gani da idonmu: INEC ta ce zaɓen na Maris bai kammalu ba saboda rumfunan da aka soke, sai da aka koma ranar 15 ga Afrilu kafin a bayyana Nasir Idris, Kauran Gwandu, a matsayin wanda ya kayar da Janar Aminu Bande, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 50,000 ba. A makonni huɗun nan manyan kowane ɓangare sun san sunan ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba. Ga kuma na'urar BVAS, mai tantance mai zaɓe ta ɗauki hoton sakamako, wadda ke buƙatar ejan mai karatu, wanda zai iya gwada adadin waɗanda aka tantance da adadin ƙuri'un da aka ƙirga kafin ya sa hannu.

Mazaɓu 10 ne a Gwandu, 225 a jihar baki ɗaya. Jam'iyyar da ke da gaske za ta iya tara ejan-ejanta mazaɓa-mazaɓa wata biyu kafin zaɓe, malamin makaranta ɗan garin ya koya musu aikin da takardar gwaji a hannu, a ba kowa abin cajin waya da abincin rana, a biya shi kai tsaye ta asusunsa. Ɗan yayar tawa ya ce in za a yi haka zai sake tsayawa, in kuwa katin wuya ne kawai za a ba shi da dare, ranar yana fadama wajen ban ruwa.