Tsakuwar da Ke Yawo Cikin Kunne

Akwai wata irin hajijiya da ke kama mutum da zarar ya juya a kan gado ko ya ɗaga kai sama. Ɗaki ya kama juyawa, kafin minti guda kuma ta lafa. Sau da yawa tushenta a can ƙuryar kunne yake.

A wurin akwai bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ne ke shaida wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. Kusa da su akwai 'yar jaka mai ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na sinadarin alli, waɗanda ido ba ya gani. Idan suka ɓalle suka faɗa cikin bututu, sai su riƙa tura ruwan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka mutum na juyawa alhali yana kwance.

To, yaya likita zai gano abin da ba ya gani? Da idon majiyyaci. Margaret Dix da Charles Hallpike ne suka bayyana wannan gwaji a Landan a 1952. Likita zai zaunar da mutum a kan gadon gwaji, ya riƙe kansa da hannu biyu, ya juya shi gefe guda da digiri 45. Sai ya kwantar da shi rigingine da hanzari, kan ya ɗan sauko ƙasa da bakin gado. Daga nan sai jira. Ba ya magana da yawa, illa ya ce, "Malam, daure, kada ka rufe ido." Bayan 'yan daƙiƙoƙi ƙwayar ido za ta fara fizga tana murɗawa. Yadda take fizgar ne ke nuna wane kunne da wane bututu tsakuwar ta shiga. Likita mai gaggawa ba ya ganin wannan. Shi dai ya rubuta ƙwayar jiri ya kira na gaba.

Gyaran ma da hannu ne. John Epley, likitan kunne a Portland ta Amurka, ya wallafa dabararsa a 1992. Daga waccan kwanciya ta gwaji, ana juya kan zuwa ɗaya gefen da digiri 90, a dakata kamar daƙiƙa 30. Sai a mirgina jiki a kan kafaɗa har fuska ta dubi ƙasa, a sake dakatawa, sannan a tayar da mutum zaune a hankali. Kamar mai regen shinkafa, kowace karkatawa tana gangaro da tsakuwar gaba kaɗan, har ta fice daga bututun ta koma jakarta. Babu allura, babu yanka, kuma da yawa suna samun sauƙi a zama ɗaya ko biyu.

Amma mai karatu, ba kowace hajijiya ce ta tsakuwa ba. Idan ta zo da nauyin baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko ganin abu biyu-biyu, a garzaya asibiti nan take.