Maƙwabcin da Ba Mu Sa wa Suna Ba



Rannan na je sayen takardar ɗab'i a Sabon Gari wurin wani dattijon Ibo, wanda Hausa ta zauna a bakinsa raɗau. Yana ƙirga mini canji sai ya ce, "Hajiya, 'yata tana karanta littattafanki, amma ta ce ba ta taɓa ganin irinmu a ciki ba." Wallahi kunya ta rufe ni. Da na koma gida na duba rubuce-rubucena, sai na ga gaskiyarta. In na ambaci Sabon Gari, to ɗan mutunci ne ya lalace ya tafi otal. In Ibo ya fito, to mai kayan gyaran mota ne, ko suna babu. Alhali tun wajen 1913 unguwar nan take, ga ta ga Fagge.

Su kuwa sun rubuta mu. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya sa wa littafinsa sunan Hausa, Iska, a 1966, inda budurwa Ibo ta auri ɗan Arewa. Chimamanda Adichie kuma, a Half of a Yellow Sun na 2006, ta kawo kashe-kashen 1966 har cikin Sabon Gari. Mohammed ne ya tserar da Olanna, Abdulmalik abokin kawunta kuwa yana cikin makasa. Ni dai a ganina nan ta gaza, domin Bahaushenta ko mai ceto ne ko mai kisa. Ina sauranmu da ake cin kasuwa tare kullum? Haka a gajeren labarinta A Private Experience, Bahaushiya mai sayar da albasa ta ɓoye Chika ranar rikici a Kano, amma har labarin ya ƙare ba a faɗi sunanta ba.

Na ji haushi, sai dai laifi tudu ne. Ita ta ba tamu baki da zuciya, ni me na ba nasu?

Jama'a, mun ga 1953, mun ga 1991. Wanda ba shi da suna a labarinmu, ranar tashin hankali ba mai jin zafin jininsa. Na yi alkawari, littafina na gaba da maƙwabciya Ibo a ciki, da sunanta, da girkinta, da kukanta.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.