Katin Kirsimeti a Jikin Bango: Nazarin Wani Aikin Takarda

Wanda ya shiga gidajen Ingila ko Amurka a watan Disamba zai tarar da katunan gaisuwar Kirsimeti a baje: wasu a jere kan kantar da ke saman murhun jin ɗumi, wasu a rataye jikin kirtani daga wannan kusurwar ɗaki zuwa waccan. Masu hannu kan yanka kwali su fitar da zobe mai faɗi, su lulluɓe shi da takarda mai launi, su manna maƙalan shanya kewaye da shi da gam, kowane maƙali ya riƙe kati guda. Wasu kuma kan jera katunan a bango, faɗi a ƙasa tsini a sama, har siffar bishiya ta fito. An saba ɗaukar wannan a matsayin ado kawai, ko abin da ake ba yara don su rage ƙiriniya lokacin hutu. A ganina ya wuce nan. Wannan shi ne wurin da aikin hannu ya sami mafaka bayan inji ya karɓe shi daga hannun mai aika gaisuwa.

Tun asali katin ɗan maɗaba'a ne. A 1843 Henry Cole, wani ma'aikacin gwamnati a Landan, ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa kati, aka buga 1,000, aka shafa musu launi da hannu, aka sayar da kowane ɗaya sule guda, kuɗin da ya fi ƙarfin talaka a wancan zamani. Hanya ta riga ta buɗe tun 1840, lokacin da gidan waya ya mai da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya ko'ina a ƙasar, kuma a 1870 aika kati ya koma sisin kwabo. Da Louis Prang na Boston ya soma sayar da katunansa a Amurka a 1875, launin ma inji ke sa shi. Abin da ya rage wa mai aikawa sai sa hannu da kan sarki. Mutanen ƙarni na 19 kan liƙa katunan da suka samu cikin kundi su ajiye. Amma da kati mai ninki ya yaɗu a farkon ƙarni na 20, musamman ta hannun kamfanin da ya zama Hallmark, sai ga takarda mai iya tsayuwa da ƙafarta a kan kanta, mai iya hawa kirtani ba tare da an huda ta ba. Gaisuwa ta fito daga kundi ta hau bango, kuma mai karɓa ya ɗauki almakashi. Shi ne yanzu ke ɓata yammacinsa yana aune-aune da yanke-yanke don ya yi wa gaisuwar 'yan'uwa masauki. Wannan wahalar tukuici ce, ko da wanda ya aiko bai taɓa zuwa ya gani ba.

Akwai masu cewa baje katuna alfahari ne, wato nuna wa baƙo yawan mutanen da mai gida yake da su. Zargin ba ya rasa tushe, domin akwai gidajen da ake ƙirga katuna kamar riba. Sai dai a duba yadda zoben kwalin nan yake aiki: maƙali ɗaya, kati ɗaya. Na maigidan wurin aiki da wanda jika ya zana da alli mai launi duk girman wurinsu ɗaya. Kamar kalandar biki ce a ɗakin uwargida a ƙasar Hausa, ba a rataya ta don gasa, sai don a ce da mu aka yi. Wasu kuma na kukan ɓarnar takarda, kuma gaskiya ne kati mai ƙyalƙyali ba ya shiga cikin takardun da ake sake sarrafawa. To amma laifin na masana'anta ne. Mai aikin hannu da tsohon kwalin kaya yake farawa, kuma idan aka sauke ado wajajen 6 ga Janairu, yakan yanka katunan bana su zama 'yan takardun rubuta suna a jikin kyautar baɗi.

Ƙalubale mafi nauyi shi ne wayar hannu, wadda ke isar da gaisuwa nan take kuma kusan kyauta. Ba a musun sauƙinta. Amma saƙon waya mutum ɗaya ke ganinsa, kafin dare wasu saƙonni sun binne shi. Katin da ke bango kuwa yakan yi makonni a gaban kowa, yaro ya tambaya wace ce wannan, a ce masa gwaggonsa ce da ke nesa, a ba shi labarinta. Aikin da ke sa yaro ya san danginsa da kwali da gam ya cancanci a koyar da shi da muhimmanci, a gida da makaranta.