Wa Ke Ɗaukar Kwantai? Nazarin Ajiye Kaya a Shagunan Ɗan Agundi

A Kano, a kan titin da ya taso daga Sabuwar Ƙofa ya ratsa Ɗan Agundi ya nufi Ƙofar Na'isa, mai kawo biredi yakan tsaya gaban mai shayi da sassafe ba tare da an kira shi ba. Ba ya tambayar guda nawa ake so. Sai ya matsa na jiya ya ji taurinsa, ya ƙirga ragowar, ya ajiye sabo gwargwadon abin da ya ga an ci, ya rubuta a ɗan littafinsa. Kuɗin jiya zai karɓa, na yau sai gobe.

Tsarin ke nan: mai kaya ne ke lura da abin da ke kan kantar mai shago, shi ke yanke yawan da za a ƙaro da ranar da za a ƙaro. A Amurka, a ƙarshen shekarun 1980, kamfanin Walmart ya buɗe wa Procter & Gamble bayanan cinikinsa, ya bar masa cike gurbin ƙunzugun jarirai na Pampers da kansa. Can kwamfuta ke ba da labari. A nan ido ne, da hannu, da sanin unguwa. Mai kawo biredi ya san ciniki kan sauya kama a watan azumi, ya san in makarantu sun tafi hutu ƙananan biredi kan kwana.

Ga mai tireda wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba, wannan rufin asiri ne na gaske. A Kasuwar Singa, wanda ba a sani ba sai ya zube kuɗi kafin ya ɗauki katan, kuma in kayan suka ƙi tafiya wuyansa ne. Biredi da ruwan leda kuwa har ƙofa suke zuwa, uwar kuɗinsa na aljihu tana juya wani abin.

Sai dai a ganina duk maganar ta rataya ne a kan tambaya guda: wa ke ɗaukar kwantai? In gidan biredi na karɓar wanda ya kwana, dole ya yi ƙirga da gaskiya, domin kuskurensa asararsa ce. In kuwa shi ke yanke yawan kaya amma mai shago ke biyan wanda ya lalace, an raba iko da alhaki, kuma ƙarami ne zai sha wuya. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin zirga-zirga ya hau, ga tsadar fulawa da sukari, masu kaya da dama suka matse hannu: ko a biya nan take, ko a rage dawo da kwantai. Na fahimci halin da suke ciki, amma wanda ya daina ɗaukar asara bai kamata ya ci gaba da cewa "bar shi, zai tafi" ba.

Akwai kuma firjin da kamfanonin lemo ke ajiye wa masu shago. Kyauta ce mai sharaɗi, don ba a so a ga kwalbar wani a ciki. A unguwar da tashar lantarki ke maƙwabtaka da jama'a amma wuta ba ta da tabbas, mai shago ne ke sayen man janareta don sanyaya kayan da ba shi ya zaɓa ba, masu zoɓo da kunun aya na unguwa kuma an bar su a waje da kula da ƙanƙara.

Abin da ya fi damuna shi ne littafin. Sau da yawa guda ɗaya ne, kuma yana hannun mai kaya. Ranar da aka sami saɓani, ko aka sauya yaron da ke kawowa, mai shago ba shi da hujja sai rantsuwa. Ya kamata kowane ɓangare ya riƙe nasa, a ƙirga tare a gaban juna, a kuma faɗi ƙa'idar kwantai tun ranar da aka fara ajiye kaya.