Sassabin Zamani: Addar da Ta San Inda Take Sara

A watan Afrilu, lokacin sharar gona, mai bin hanyar Badagishiri zuwa Illela yakan ga manomi tsugune gaban kututturen sabara, adda a hannu, bai sara ba tukuna. Dubawa yake yi. Tsiro goma ko fiye sun fito daga kututturen, shi kuwa zai zaɓi uku zuwa biyar da suka fi kauri da miƙewa, ya cire sauran. Wannan shi ne sassabin zamani, wato rainon itacen da ya tsiro da kansa a gona.

Saran ma da ƙa'idarsa. Sai an wasa addar sosai, domin dakusasshiya farfasa itace take yi, gara ta sami ƙofa. Daga ƙasa yake kai sara zuwa sama. In ya saro daga sama, reshen zai rufto ya ɗaye ɓawon. Ƙananan rassa yakan datse su zuwa rabin tsayin tsiron kawai, ya bar na sama da ganyensu. Ƙayar magarya ya kewaye tsiron da ita saboda awaki. Maƙwabcinsa da ya cinna wa kututture wuta ya gama tun hantsi yana hutawa, amma baɗi matarsa za ta yi tafiya mai nisa neman kirare.

Abin da ya fi burge ni yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwar kututturen tsohuwa ce, ta daɗe da kaiwa ga laima, shi ya sa tsironta yake tsere wa dashen leda da ake ta yi wa ban ruwa. Manomin ya san halin kowane itace. Kalgo da sabara suna sake tohowa bayan sara, don haka duk shekara yana iya ɗaukar sanda ɗaya ya bar sauran. Gawo kuwa lallaɓa shi yake, domin yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a gindinsa, da rani kuma dabbobi su ci ƴaƴansa.

Da can wannan wahala ba ta da riba. Tun dokar daji ta Faransawa ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, itace na gwamnati ne, kuma ma'aikacin gandun daji na iya cin tarar mutum kan gawon gonarsa. To wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Aikin ya bazu ne daga Maradi, inda Tony Rinaudo ya fara shi tare da manoma a 1983. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, sannan dokar 30 ga Yuli 2020 ta amince cewa itacen da manomi ya raina, amfaninsa nasa ne.

Yanzu sandar da ya ɗauka bana tana iya zama dirkar rumbu, ko ta hau amalanke zuwa kasuwar Ƙwanni ko Malbaza. A kututturen kuwa, huɗu na tsaye suna ƙara kauri.