Ƙaramin Jirgi, Siririyar Murya

Da tsarin HM7000 na kamfanin Hornby na Ingila, daga wayarka za ka tuƙa kan jirgin ƙasa na wasa ta Bluetooth, ka sa shi usur ko rurin inji. Tuƙin kam ba laifi.

Sautin ne dai da sauran gyara. Jirgin gaske ya ninka wannan tsawo sau 76, don haka lasifikarsa ba ta wuce ƙwayar sukari ba. Sauti mai kauri yana buƙatar a tura iska da yawa, 'yar lasifika kuwa ba ta da wannan ƙarfin. Shi ya sa usur ke fita tas, injin dizal kuma sai ka ji kamar keken ɗinki. Kafin ka biya kuɗin sauti, saurara tukuna.